Rigar da Muktari Ya Ɗora wa Jaki

Muktari mutumin Barmu ne, ɗan manoma jikan manoma, kuma har ya yi gemu bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. A garinsu ruwa a rijiya yake, sai an zura guga gaba ashirin. Shekarar da gero ya ƙi, ya bi wani mai kai kifi Tawa ya sauka bakin tabkin Tabalak, ya soma da dakon kwando. Wani tsohon masunci mai suna Dodo ya ji tausayinsa, ya koya masa jefa taru da riƙon filafili. Iyo ne kawai bai koya ba, don mai koyon iyo sai ya fara cewa bai iya ba, shi kuwa bakin Muktari bai san hanyar wannan magana ba.

Cikin shekara biyar ya yi jirginsa na katako, ya yi jaki, ya yi tumbi. Ya ɗaura kambu a damtse, ya ce wani malami ya ba shi, ruwa ba ya cin mai shi. In ya zauna wurin mai shayi, sai ka rantse a cikin tabkin aka yanke masa cibi. Dodo dai yakan yi murmushi ya kau da kai, irin na kifi na ganin ka mai jar koma. Shi kaɗai ya lura cewa ko taru ya maƙale, Muktari ba ya faɗawa ruwa ya kwance shi, sai dai ya ja ya yage.

Wata shekara mutanen wani porje na agaji suka raba wa masunta jile, rigar nan mai ruwan goro mai soso a ciki, wadda ke hana mutum nutsewa. Kowane jirgi biyu. Dodo da ke iyo kamar tarwaɗa ya sa tasa nan take ya ja igiyoyin. Muktari kuwa ya ɗaga nasa da yatsu biyu ana kallo.

"Wanga abu na matsorata na," in ji shi. "Ni ruwa ya san ni."

Ɗaya ya farke ya cusa soson a matashi. Ɗayar ya shimfiɗa wa jakinsa a baya a madadin akumari, kuma ya yi ta yabon ta, wai tun da ya sa ta jakin bai ƙara yin gyambo ba. Wawaye suka yi dariya, shi kuma ya ɗauka hikima ce.

Ana nan sai ƙanensa Issouf ya dawo daga Abijan bayan shekara shida yana tura baro. Ya gaji da baƙunta, matarsa Shamsiya ma ta gaji da jira. Shawararsu ɗaya: in ya koyi sana'ar su wurin wansa, ya bar tafiya ke nan, ya zauna gida. Suka tattaro suka zo Tabalak da damina, tabki ya cika ya batse.

Ranar farko da zai shiga jirgi, Issouf ya dubi faɗin ruwan. Ya je ya kwance jilen daga bayan jaki, ya kakkaɓe gashin ya sa.

"Yaya, ni ban iya iyo ba," ya ce, ba tare da jin kunya ba.

Maganar ta soki Muktari, don ita ce wadda shi ya kasa faɗa shekara goma. Ga masunta tsaye, ga mata masu suyar kifi. In ƙanensa ya shiga jirginsa da wannan riga, ina kambu, ina cika bakin wurin mai shayi?

"Ku zo ku gani!" ya ɗaga murya. "Ɗan Abijan ya tuɓe ma jaki riga ya sa! Mi kake tsoro, ba ni ad da jirgin ba? In ka hwaɗa, da hannu guda nike hiddo ka."

Aka kwashe da dariya. Dodo ya ce, "Bar shi da abinai, Muktari, yau akwai hadari gabas." Wa zai ji? Issouf ya dubi inda Shamsiya ke tsaye, kunya ta rufe shi. Ya cire rigar ya mayar wa jakin, har da ɗaure masa igiya.

Bayan azahar iska ta taso. Tabkin nan cike yake da kututturan itatuwan da ruwa ya cinye tun da daɗewa, kuma jirgin ya hau ɗaya ya kife. Muktari ya dace da reshe, ya rungume shi hannu biyu da ƙafa biyu yana kuwwa. Issouf ya ɗago sau biyu, tsakaninsu bai fi tsawon filafili ba, yana kiran Yaya. Hannu gudan nan da aka yi masa alkawari bai saki reshe ba. Kafin Dodo ya iso da jirginsa, ruwa ya rufe. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan ɗan'uwansa ya doka.

Muktari yana nan har yau. Ya sayar da jirgin, yana sarin kifi yana kaiwa Tawa, kuma bakin bai mutu ba. Wanda bai san shi ba zai ji yadda ya yi ta nutso yana neman ƙanensa har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kam in na gan shi tafe, sai in sake hanya.

Abu ɗaya ne ba ya ba da labarinsa. Ranar sadakar uku ya je ƙofar ɗakin da Shamsiya ke takaba, ya tsuguna ya ce, "Sai hanƙuri, Shamsiya. Kwananshi na ya ƙare, babu mai tsere ma nashi."

Can sai labule ya motsa, ta turo masa rigar da ta kwanto daga bayan jakin, har da gashin a jiki.

"Haka na, Yaya," ta ce. "Amshi, ka maida ma jakinka. Shi dai ya kwana lahiya."