Kwamfuta Mai Fasasshen Gilashi

Cikin duk abin da ya same ni a jami'a a Gombe, akwai wata safiya da har yau ba ta bar raina ba, kuma ban ga ranar da za ta bari ba.

Ina aji biyu a lokacin. Ni ba mai magana ba ne, daga aji sai laburare. A can na saba da wani ɗan ajinmu makaho, mutumin garin Kwadon. Ni nake karanta masa littattafai, amma muryata ƙasa-ƙasa ce, kullum sai ya ce, "Malam, da ni kake ko da aljihun rigarka?" Jarrabawa ta matso, ga nawa karatun, shi kuma ya gaji da jiran mai karanta masa.

Ranar sai ya zaro kwamfuta daga jaka, ya ce in haɗa masa ita da waifai ɗin makaranta, ta riƙa karanto masa littattafan da ke intanet. Na buɗe, na ga gilashin a fashe, baƙi ƙirin.

"Ai ba ta nuna komai," na ce.

"Shi ya sa na same ta da araha. Me zan yi da gilashi?"

Ya miƙo mini kunne ɗaya na iyafis, ya saka ɗayan. Wata murya ce a ciki, tana zuba Turanci kamar ruwan sama a kan kwano. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Ya yi dariya, ya rage mata gudu saboda ni.

Matakan duk suna kaina: sunan waifai, irin tsaronsa, lambar ɗalibi, kalmar sirri. Amma ban taɓa bin su babu gani ba. Duk abin da na danna sai muryar ta faɗa. Kwamfutar ta ƙi haɗuwa, na sake, ta ƙi.

"Koma baya, mutumina," ya ce. "Na ji ka tsallake wani gurbi."

Na koma, na cike shi, sai ta haɗu. Ya karɓi kwamfutar, ya mayar da muryar gudunta, yatsunsa suna yawo a kan madannai. Babin da nake cinye yamma guda ina karanta masa, ina zaune ya gama shi, har ya gaya mini inda marubucin ya saɓa wa kansa.

Ya zare iyafis ɗin daga kunnena. "To, je ka yi naka karatun."

Da, ina ɗaukan kaina idonsa ne. Ranar na gane cewa sau da yawa mutum ba jagora yake nema ba. A buɗe masa ƙofa kawai, a matsa gefe.