Maganar Da Mahaifiyata Ba Ta Faɗa Ba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na cikin birnin Zariya uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana ido da ido. Kunya ce, kowa ya sani. Malaminmu na Turanci ma ya sani, don a bayan Ƙofar Doka aka yanke masa cibiya. Shi ya sa har yau in na tuna abin da ya yi mini sai raina ya ɓaci.

Muna aji biyu na sakandare ya koya mana yadda ake ɗauko magana daga bakin mai ita. Ya ce duk abin da aka sa tsakanin alamar buɗe magana da ta rufewa, to haka mutum ya faɗe shi, ba ragi ba ƙari. Sai ya ce kowa ya rubuta abin da mahaifiyarsa ta ce masa da safe.

Na rubuta gaskiya da ɗan Turancina. Da safen ranar, mahaifiyata ta dama koko, ta ajiye mini kofina kusa da murhu don kada ya huce, ta dubi ƙanwata ta ce, "A gaya wa wancan ya zo ya sha."

Malam ya karanta, ya yamutsa fuska. Wai wannan ba Turanci ba ne, Bature ba ya kiran ɗansa wancan. Na ce ai ba Baturiya ce ta haife ni ba, kuma shi da bakinsa ya ce ba ragi ba ƙari. Ya ce in rufe masa baki. Ya hau allo ya gyara, ya sa mahaifiyata tana cewa, "Zo ka sha, ɗana abin ƙaunata." Har sunana ya liƙa mata a baki, ya sa aji duka suka maimaita.

A ajin akwai 'ya'yan maƙwabtanmu, kuma sun riƙe darasi da kyau: abin da ke tsakanin alamomin nan an faɗe shi. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Washegari a wani gidan suna gwaggonnina suka sa mahaifiyata a gaba da tsiya, wai ashe ta waye, har kirari take wa ɗan fari. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni a gaban mutane ba! Ta rantse ba ta faɗa ba, suka yi ta dariya, ta dawo gida ko abincin suna ba ta ci ba.

Malam bai san an yi ba, shi dai ya gyara jimla. Mahaifiyata kuwa ba ta yi mini faɗa ba, don faɗan ma magana ce. Sai dai ta ƙara ja da baya don ta wanke kanta. Daga ranar ƙanwata ce ke zuba mini koko, a bakin ƙofa take dire shi, kuma a sanyaye nake sha.