Kwalbar da kawuna ya binne

Shekarun baya wani kumburi ya fito wa mahaifiyata a muƙamuƙin ƙasa. Ba ya ciwo, shi ya sa ta yi ta cewa haƙori ne, har sai da ɗankwali ya daina rufe shi. Na ɗauko ta daga Kebbe muka tafi asibiti a Sakkwato.

Likita ya yanki ɗan nama, bai fi ƙwayar wake ba, ya saka a kwalba mai ruwan magani. Ya ce ƙari ne da ke tasowa daga ragowar naman da ya gina haƙora tun tana jaririya, kuma iri-iri ne masu kama da juna. Wani kankarewa kawai ake yi, wani sai an yanke ƙashi, in ba haka ba ya dawo. Akwai wata shaida a cikin ƙwayoyin naman, kamar wadda makiyayi ke yi wa saniya a kunne, ita za ta taimaka a gane wanne ne. Masu gwajin sun riga sun tashi daga aiki, aka ce in kai kwalbar ranar Litinin.

Ni da nake ganin kaina wayayye, sai na taho da kwalbar gida na ajiye a kan kanta kusa da gwangwanin yaji.

Ranar Lahadi na nema na rasa. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a zaure yana gyaran fartanya.

"Na bisne shi," ya ce, ko kai bai ɗaga ba. "Naman ɗan Adam na. Mu nan ko cibiyar jinjiri ba mu bari bisa ƙasa."

Na yi bayani har bakina ya bushe. Na ce in babu naman nan, ko a sake yankarta, ko a yi mata aiki da ka. Ya ce abin da anka rufe ba a tone shi, kuma ya ƙi nuna wurin. Raina ya ɓaci, amma kawu ba a ɗaga masa murya.

Sai ga mahaifiyata ta fito, hannu a kan kumatu.

"Yaya, naman wa na?"

"Naki na."

"To ni ina da rai. Mi kaka gaggawar kai ni ƙasa guntu-guntu?"

 Sai ya tashi ya nufi bayan rumbu, ya tone da hannunsa. Ashe ko murfin bai buɗe ba, ya naɗe kwalbar a farin ƙyalle tsaf.

Sakamako ya nuna mai dawowa ne. Aka yanke wani sashe na ƙashin tun bai ci sauran ba. Da kankarewa aka yi, da yanzu wani zancen ake.

Na daɗe ina ba da labarin nan ana dariyar kawu. Yanzu ba na iyawa. Ni kaya na gani a kwalbar, shi kuwa ƙanwarsa ya gani.

Bakinta ya ɗan karkace, da gefe guda take tauna tuwo. Da kawun ya rasu bara, da wannan bakin ta yi masa addu'a.