Idon Mushe

Jiya jikata ta dawo daga lakwal nan Arlit da aikin gida, wai a rubuto hirar mutum biyu don wasan kwaikwayo. Nan take na tuna marigayi malaminmu na Agadas, wanda muke ce wa Mushe, wato malam da Faransanci, zamanin Faransa, tun Arlit ɗin nan tana fili.

Yakan tura mu cikin gari mu saurari mutane, mu rubuto yadda suke magana. In ka tashi karantawa, sai ya jingina da bango ya rufe ido. Da ya ji ƙarya, zai buɗe.

Duk ajin babu wanda ya kai ni Faransanci. Na rubuto makiyayi yana cigiyar raƙuminsa. Ban yi layi uku ba, ido ya buɗe.

"Yaro, wannan makiyayi ne ko Bature kumandan? Wanda raƙuminsa ya ɓata ba ya tsara magana haka."

Sai Agali ɗan mai garka ya tashi, takardarsa tana warin albasa, Faransancinsa duk a karye. Tsofaffi biyu ya rubuto, suna faɗa kan wa zai fara ban ruwa. Mushe bai buɗe ido ba, murmushi kawai yake yi. Da na Agali aka yi wasan kwaikwayo ranar rufe lakwal, ni kuwa aka mai da ni sa mai jan guga. Har yau abin yana ci mini rai.

Allah ya jiƙan Mushe. In mun haɗu a Aljanna, Allah ya sa in karanta masa har ƙarshe idonsa a rufe, Agali yana zaune yana kallo.