Fayafayan da Na Kai wa Hajiya

A shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik, ni ne na haɗa kayan Malam bayan rasuwarsa, kuma ni ne na zubar da abu ɗaya tilo da matarsa ta roƙa a kawo mata. Na daɗe ina nema wa kaina uzuri. Ban samu wanda ya zauna min a rai ba har yau.

Malam ɗan Kano ne kamar ni, ya ba ni kusan shekara ashirin. Kafin ya shiga kasuwanci, Turanci yake koyarwa a makarantar sakandare, shi ya sa duk Bahaushen da takardar kwantena ta rikita a ginin Tianxiu, wurinsa yake kawo ta. Ofishinmu ɗaya a hawa na tara: tebur biyu, fanka ɗaya, sai samfurin kaya jibge har rufi. Ni takalma nake saye, shi kuma kayan wuta, su soket da makunni da ƙwan fitila. Shi ke jan mu azahar da la'asar a lungun da muka shimfiɗa darduma. Ba shi da hayaniya ko kaɗan, ni kuwa Allah ya zuba min ita. Duk ranar da mai kamfani ya nuna min fata ya aiko min da roba, sai na tashi ina buga tebur, Malam ya riƙo hannun rigata ya ce, "Alhaji, mutumin nan ba ya jin Hausa. Mu kake yi wa ihun."

Wata Talata da hantsi, ana zafin nan na Guangzhou mai jiƙa riga tun kafin ka kai bakin titi, ya miƙe zai ɗauko kwali, sai ya dafa tebur ya sulale ƙasa. Hawan jini ne. Kwana biyu ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Da yardar iyalinsa a can muka yi masa sutura, muka kai shi maƙabartar Musulmi.

Muna da wata al'ada a can. Idan ɗan uwa ya rasu, na kusa da shi ne ke fara shiga ɗakinsa kafin kowa, kuma ba haɗa kaya kaɗai ke kai shi ba. Mutum ya yi shekaru shi kaɗai a baƙon gari, ba ka san abin da za ka tarar ba. Abin da bai kamata iyali su gani ba sai ka kawar, ka ja bakinka ka yi shiru. Na taɓa yi wa mutum biyu wannan rufin asirin, kuma ban yi nadama ba.

Na tafi ɗakin Malam tare da wani Alhaji mutumin Kumasi, wanda ke tura mana kaya Legas ta tashar jiragen ruwa ta Huangpu, domin a kwantenarsa za a sa jakunkunan. Ɗakin bai ba mu wahala ba. Katifa, Alƙur'ani, carbi, jallabiya huɗu, tukunyar dafa shinkafa, sai ƙwayoyin maganin da ya kamata ya sha bai sha ba. Da na leƙa ƙarƙashin gado sai na jawo wani baƙin akwatin kwali mai kauri, gefunansa duk sun goge, da 'yar na'urar jin faifai kusa da shi. Fayafayai goma ne a jere a ciki. A jikin murfin ga hoton wani Bature, ya karkata hula, ya sa kwat, taba a tsakanin yatsunsa, kofin gilashi a gefe. Na san ba ruwan sha ba ne a kofin nan.

Na sa faifai ɗaya. Murya ta fito, ta namiji, mai kauri da taushi, ba ta sauri, kamar mai lallashin wanda ya yi fushi, ga ƙaho da goge suna binta a baya. Turancina na kasuwa ne, amma kalmar soyayya dai na tsince ta sau uku kafin na kashe. Ko minti ɗaya ban bari ta yi ba.

Kunya ce ta fara kama ni, sannan haushi. Limaminmu guda! Nan take na hango ranar rabon gado a Kano, an baje kaya a kan tabarma gaban malamai da ƙannensa, wani ya ɗaga akwatin nan yana tambayar ko na waye.

Alhajin Kumasi ya ce, "Alhaji, sa shi cikin jaka. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne."

Na ce, "Ku mutanen Zangon Kumasi ba ku san Kano ba."

"Waƙa ne kawai, maigida," in ji shi da irin Hausarsu.

"A wurinka."

Ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da naɗe jallabiya. Na sauka da akwatin da na'urar, na miƙa wa wata tsohuwa mai keken tara kwalaye da ke tsayawa a ƙofar ginin. Ta yi ta godiya. Na hau sama ina jin na yi wa Malam hidimar ƙarshe, har ina yaba wa kaina da hankali.

Bayan kwana tara wayata ta yi ƙara, na ga lambar gidan Malam. Hajiya ce, matarsa. Muka gaisa, na sake yi mata ta'aziyya, ta yi min ya haƙuri. Sannan ta kawo abin da ya sa ta kira.

"Alhaji, akwai wani baƙin akwati na fayafayai. Komai a sa a kwantena, ba ni da magana. Wannan dai don Allah ka riƙo min shi a hannu."

Ban ce komai ba, ita kuma ta ɗauka ban gane ba ne, sai ta yi min bayani. Ta ce farkon aurensu, a gidajen malamai suka zauna a wani gari da ba su san kowa ba. Malam yana da garmaho da fayafayan mutumin nan. Idan ya dawo daga aji sai ya sa, tana tankaɗe ko tana guga, yana fassara mata abin da ake cewa layi-layi, wani wurin ta ce ƙarya yake yi, shi ya ƙara da nasa. Da suka koma gidan gado garmahon ya lalace, yara suka zo, abin ya bi ruwa. Shekara uku da suka wuce ya je Hong Kong sabunta biza, ya ci karo da waƙoƙin gaba ɗaya an tara su a akwati guda. Tun daga nan, duk Juma'a idan ya sauko daga masallaci, lokacin a Kano safiya ce, sai ya kira ta, ya kara wayar a jikin na'ura, su ji waƙa ɗaya tare, sannan ya gaya mata ma'anarta.

"Ni ban taɓa ganin akwatin ba ma," in ji ta. "Ya ce sai ya dawo gaba ɗaya zai taho da shi. Ka dai gan shi ko?"

"Yana nan, Hajiya. Na adana shi."

Bakina ne ya riga ni. Da na ajiye wayar na gane na rufe wa kaina ƙofa, domin ban san sunan mawaƙin ba. Ranar da na riƙe akwatin, taba da kofi na tsaya kallo, ban karanta rubutun ba. Wanda ya ce abu yana hannunsa kuwa, ba ya komawa ya tambayi mene ne sunansa.

Na ruga ƙofar ginin su Malam, tsohuwar ba ta nan. A makonnin nan an share unguwar tas saboda wasanni. Masu talla da masu keken kwalaye duk sun ɓace, sai 'yan sanda a gindin gada suna duba fasfo. Na kwatanta wa mai gadi tsohuwar da hannu da ƙafa, ya girgiza kai ya ce, "Meyo." Babu. Kwana huɗu ina zagaya lungunan unguwar, wato Xiaobei, ina leƙa duk keken da na gani.

Na je wurin Alhajin Kumasi ko ya riƙe sunan. Ya dube ni ya ce, "Ni na ce ka sa cikin jaka. Suna ban karanta ba." Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Daga ƙarshe aka kwatanta min wani mai sayar da fayafayai. Shi ma ya ɓoye sana'ar, ya jera rigunan waya a gaban shago, sai ka yi magana ya shigar da kai ɗakin baya. Kowa a layin yana gaban talabijin ana kallon masu ninƙaya, ni kuwa ina tsaye da gemuna ina karkata hular da ba ni da ita, ina riƙe tabar ƙarya, ina buɗe baki kamar mai waƙa. Ya gane. Ya ciro min akwati shida. Turawa shida, duk da kwat, huɗu da hula.

Ya sa na farko, ya yi ta tsallake waƙoƙi, can sai ga wadda na ji a ɗakin Malam. Na yi hamdala da ƙarfi. Ya yi dariya, ya sa na biyu, ya nemo, sai ga ta nan dai. Na uku ma haka. Da ɗan Turancinsa ya fahimtar da ni cewa tsofaffin waƙoƙi ne, kowane mawaƙi na wancan zamanin ya rera su, murya ce kawai ta bambanta.

"Loban, wanne?" Wato maigida, wanne kake so.

Na sa ya maimaita su duka sau biyu. Wallahi ban iya rarrabewa ba. Abin da na saurara bai kai minti ɗaya ba, shi ma da haushi na saurare shi. Na zaɓi wanda akwatinsa baƙi ne mai fayafayai goma.

Abin da na yi bayan nan shi ya fi komai ci min rai. Na yage ledar, na zauna a matakalar bayan ofis, na riƙa goga gefunan akwatin a siminti har suka yi fari. Na fiffitar da fayafayan na taɓa su da yatsu. Ni da nake tara wa mutane jama'a idan sun canja min samfur, na zauna na yi aikin da ya fi nasu kyau.

Ba a sabunta min biza ba, kamar yadda aka yi wa da yawa a shekarar. Bayan babbar sallah na koma Kano. Hajiya ta fita takaba ke nan, sai muka je da hantsi ni da maiɗakina. Ta sa an shimfiɗa mana a falo, ta kawo ruwa da dabino. A kan tebur na ga sabuwar na'urar faifai an lulluɓe ta da ɗankwali. Ta saya tun da na ce ina tafe.

Na miƙa mata da hannu biyu. Ta shafa gefen da na goga a siminti ta ce, "Allah sarki, har ya tsufa a hannunsa." Na sunkuyar da kai.

Ta sa faifan farko. Ƙaho ya fara, ta yi murmushi, ta gane waƙar, har leɓenta yana motsi. Da muryar ta shigo sai murmushin ya tsaya. Ta matso kusa da na'urar. Ta bari waƙar ta ƙare, ta biyu ta kai rabi, sannan ta kashe. Na zauna ina jira ta ce min maƙaryaci. Da ta faɗa da na huta.

"Waƙoƙin ne," ta ce a hankali. "Su ne. Amma ni a kunnena muryar ta fi wannan kauri." Ta goge ido da bakin mayafi. "Duk zaman takabar nan ita nake ji a kaina, Alhaji. Da ita nake wuni. Ashe ba daidai nake jin ta ba. Wata biyar kacal, har na fara mantawa. To in wannan ta ɓace min, ta Malam ma haka za ta tafi ke nan?"

Maiɗakina ta kama hannunta tana ba ta haƙuri. Ni kaɗai a falon nan na san kunnen matar nan lafiya lau yake, ya fi nawa sau dubu. Magana ɗaya ce za ta raba ta da wannan tsoron. Sai dai maganar za ta jawo tsohuwa mai keke, ta jawo matakala da siminti, ta jawo cewa na ji kunyar mijinta. Na duba na ga ba zan iya ba.

Na ce, "Waya ce, Hajiya. Waya tana canja murya. Shekara uku ta waya kike ji."

Ta ɗan yi nazari. Sai ta gyaɗa kai. "Haka ne kuma. Ban yi wannan tunanin ba." Ta yi min addu'a mai tsawo, ta haɗa da iyayena da 'ya'yana, ina ta cewa amin.

Na koma Guangzhou sau da yawa bayan nan. Da na so, da na gano sunan, na sayi na gaskiyar. Amma kai mata shi yana nufin faɗin komai, sai na yi ta cewa sai wata tafiyar. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma ina jin nauyinsa duk lokacin da na bi ta unguwarsu.

Bara maiɗakina ta je duba ta. Ta tarar da faifan yana yi ƙasa-ƙasa a ɗaki. Da za su rabu Hajiya ta ba ta saƙo. "Ki gaishe min da Alhaji, ki ce masa ya yi gaskiya, waya ce. Yanzu na saba da wannan. Waccan ɗin ta daina zuwar min gaba ɗaya."