Tsumma a Bututun Iska

Ina jiran gyaran birki a gareji, ga wani direba mai furfura zaune kan tsohuwar taya, yana murza hularsa kamar mai jiran haihuwa. An sauya wa motarsa inji, amma turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi, ba ya hura iska sosai, ko ɗan hawa sai ta kama nishi. Da gani ita ke ciyar da gidansa.

Makaniken ya kwance bututun iska, ya zaro tsumman da ya cusa don tare ƙura ya manta.

"Baba, ga ɓarawon."

Aka taka mota, ta yi fito. Tsohon ya mayar da hularsa ka, yana dariya.

"Miƙo tsumman nan, yaro. Mai ɗakina ta rantse mataccen inji na sayo."