Takardar Da Na Naɗe Kifi Da Ita

A lokacin ni matashi ne mai ji da ƙarfi, ina sayar da kifin ƙanƙara a kasuwar Herwagana, hannuna kullum cikin firiza. Ranar da matata ta haifi 'yarmu ta fari ta zubar da jini sosai, na je in ba ta nawa. Aka gwada, aka ƙi ɗiba. Wata ma'aikaciyar asibitin ta ja ni gefe ta ce ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, ta ba ni takarda in kai wa likita. Ni da ban taɓa yin ko ciwon shawara ba? Na gaya wa matata wai jininmu ne bai zo ɗaya ba, wani ɗan cocinmu ya ba da nasa. Takardar kuwa, da kunya nake faɗa, da ita na naɗe wa wata mata kifi.

Shekara bakwai ina lafiya lau. Sai jajayen ɗigo-ɗigo suka feso mini a ƙafa, gaɓoɓina suna ciwo, yatsuna su yi baƙi in na daɗe a firiza. Kowa a kasuwa ya ce sanyi ne, na yi ta kwankwaɗar jiƙo galan-galan. Fitsarina yana kumfa, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya daina shiga, na ce ƙiba ce. Wata Lahadi ina cikin waƙa a coci tari ya sarƙe ni, na duba hankici na ga jini.

A asibiti likita ya ce ƙwayar nan ce ta sa jinina yana fitar da wani sinadari mai daskarewa in ya ji sanyi, yana toshe ƙananan jijiyoyi. Ya cinye mini ƙoda, ya taɓa huhu. Ko jinin gwajin a fulas mai ɗumi suka ɗauke shi. A gaban matata ya tambaye ni ko an taɓa gaya mini ina da ƙwayar. Na ce an taɓa. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye shi da mun zo tun a lokacin me za a yi. Ya ce maganin wata uku ne.

Yanzu sau biyu a mako ake mini wankin ƙoda, firizar kuma na sayar. Ina jin tsoro, ina jin haushin kaina. Don Allah, duk wanda aka ƙi karɓar jininsa kada ya jira idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ya je ranar, ya kuma gaya wa iyalinsa. Matata ba ta sake tayar da maganar ba. Sai dai duk takardar da aka miƙo mana a asibiti, ba ta bari ta shiga hannuna.